Masunta da Beyar a Alaska

Yawancinmu mun fara jin sunan beyar ne a labarin Dauda, lokacin da yake kiwon tumakin ubansa. Ba mu da wannan dabba a Nijeriya. Amma a Alaska, jihar da ke can ƙuryar arewacin Amurka, masunci yana shakkar beyar kamar yadda namu suke shakkar dorina a kogin Binuwai.

Abin da yake haɗa su shi ne kifi. Kowace shekara, wajen watan Yuli, kifin salmon yana barin teku ya hau koguna domin ya nasa ƙwai. Beyar kuwa tana neman kitse, gama za ta kwana watanni a rami cikin hunturu ba ci. To, inda kifi ya taru nan mutum da beyar suke taruwa. Babban namiji yakan wuce kilo 500, kuma yana gudun kilomita 50 a awa guda. Ba ɗan tseren makarantarmu da zai tsere masa. Gudu ma yana sa ta bi mutum ne.

A kogin Buruks, cikin gandun daji na Katmai, doka ta ce a bar tazarar yadi 50 tsakanin mutum da beyar. In kifi ya kama ƙugiyarka sai ga beyar tana matsowa, ka yanke zaren, ka ja da baya a hankali. Wannan doka ta fi kowace wuya, domin wa yake son sakin kifin da ya riga ya kama? Amma beyar tana da wayo. In ta ƙwace kifi sau ɗaya, ta koyi cewa masunci wurin abinci ne, gobe kuma wani ne zai sha wahala. Saboda haka ne ba a barin kayan cikin kifi a bakin ruwa. Masunta kuma suna tafe suna magana da ƙarfi, don kada su faɗa mata ba zato, musamman mai 'ya'ya.

Sai batun bindiga. Dokar Alaska ta yarda mutum ya harbe beyar don ceton ransa, amma dole ya kai rahoto, ya miƙa fatar da ƙoƙon kan ga hukuma. In sakacinsa da abinci ne ya jawo ta, ba shi da hujja. Ƙaramar bindiga sau da yawa rauni kawai take yi mata, beyar mai rauni kuwa ta fi haɗari. Binciken Tom Smith da abokansa na 2012 ya nuna masu bindiga sun ji rauni kusan daidai, ko sun harba ko ba su harba ba. A bincikensu na 2008, cikin waɗanda suka fesa mata ruwan barkono daga gwangwani, kashi 98 cikin 100 sun tsira lafiya. A ganinmu barkonon ya fi, sai dai a lura da iska, kada ta mayar wa mutum da shi a ido.