Amfanin Wuta ta Biyu ga Ƙarfen Injin Jirgin Sama

A yau akan ƙera wasu sassan injin jirgin sama ba guduma ba uwar maƙera. Hasken lesa ne ke narkar da garin ƙarfe, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har siffar ta fito. Amma ƙarfen, kamar Inconel 718, yakan huce da gaggawa, sinadaransa su kasa gaurayuwa sosai.

Saboda haka akan mayar da shi tanderu. A zafi digiri 980 na Salshiyas sinadaran sukan bazu daidai. Daga nan a riƙe shi awa 8 a digiri 720, inda ƙananan ƙwayoyi ke tsirowa cikinsa, su hana shi lanƙwasa. In aka zarce ƙima kuwa, ƙwayoyin sukan yi girma, ƙarfinsa ya ragu, alhali rayukan fasinjoji sun dogara a kansa.