Likitan da Ke Karanta Zuciya da Huhu a Madubi

Likitan gano asalin cuta shi ne mai duba tsokar da aka yanko daga jikin majiyyaci, ko ruwan da aka zuƙo daga ƙirjinsa, ya faɗi ainihin abin da ke cinsa. A Abuja, mutumin Jikwoyi da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yakan fara da asibitin Karu ko na Nyanya. Idan ta kai ga ɗebo tsoka, sai babban ɗakin gwaje-gwaje irin na Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. A can ake jiƙa ta cikin sinadarin fomalin, a daskarar da ita cikin kaki, a yanka ta shara-shara, a rina, a ɗora ƙarƙashin madubin likita. Daga nan hukunci ke fitowa: tarin fuka ne ko ciwon daji.

Kafin mutum ya kai ga wannan kujera sai ya yi shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Bayan nan ne zai shiga horon ƙwarewa na wasu shekaru, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Matakin ƙarshe ba ya kammala sai da kundin bincike. Mai son keɓanta ga zuciya da huhu yakan ƙaro ilimi a ƙasar waje.

Binciken likitoci ya sauya fahimtar ciwon zuciya a Afirka. A 1948, J. N. P. Davies a Kampala ya bayyana wata cuta da ke sa bangon cikin zuciya ya yi kauri ya ƙandare, daga abin da ya gani a gawarwaki. A Zariya kuwa, cikin shekarun 1970, Davidson da Parry sun bi diddigin ciwon zuciyar masu jego, suka alaƙanta shi da kunun kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan da ke fama da shi.

Babban cikas a Arewa shi ne ƙarancin binciken gawa. Ana gaggauta jana'iza, dangi kuma ba sa son a taɓa mamacinsu, uzurin da ya cancanci girmamawa. Sai dai zuciya ba gaɓar da ake yawan yanko tsokarta ba ce daga mai rai, don haka da yawa daga masu mutuwar fuju'a da ake dangantawa da hawan jini ana binne su ne ba tare da an tabbatar da sanadin mutuwarsu ba.