Albashina Ya Kusa Ƙarewa A Bayan Acaɓa

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuke ɗokin gama karatu ku kama aiki. Yau labarin kaina zan ba ku, domin Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni haifaffiyar Maraɗi ce a Jamhuriyar Nijar. Aure ne ya kawo ni Kunduru, cikin ƙaramar hukumar Kankiya, a shekarar 2022. Da mu da Katsinawa tushenmu ɗaya, tunda sarakunan Katsina na dauri ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, to amma baƙo ko da ido makaho ne. Ban daɗe da tarewa ba Allah Ya taimake ni na sami aikin koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi a cikin garin Kankiya, albashi Naira 25,000 a wata. Ranar da aka ba ni aikin ko abinci ban iya ci ba don murna. Na riga na raba kuɗin a raina: wannan na Innata ne a Maraɗi, wannan na adashi, wannan na atamfa. Abu ɗaya na manta ban sa a lissafi ba, shi ne kuɗin hanya.

A can gida kabu-kabu muke ce masa, a nan kuwa acaɓa. 'Yan uwanmu na birnin Kano sun rabu da shi tun watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur, suka koma A Daidaita Sahu. Mu na ƙauye kuwa, in kina son ki isa wurin aiki kafin a kaɗa ƙararrawa, to sai bayan mashin.

Satin farko Naira 300 nake biya zuwa, 300 dawowa. Da na buɗe baki an gane ni, saboda har lokacin da dala da jaka nake ƙirga kuɗi irin na sefa, in aka faɗa mini farashi sai na tsaya ina juya shi a kai. Wata rana maƙwabciyata ta ga ina miƙa kuɗi, ta riƙe baki ta ce, "Amarya, nawa kika ba shi?" Na faɗa mata. Ta ce, "La haula! Ai 200 ne, kuɗin baƙunta kike biya." Wallahi ranar na ji kunya kamar in nutse. Tun daga nan na sayi ɗan littafi, kullum na dawo sai na rubuta abin da na kashe.

Ga abin da littafin ya nuna mini. Naira 400 a rana, kwana 22 na aiki a wata, ya kama 8,800. Kin ga sama da kashi ɗaya cikin uku na albashina ke nan, ban sha ko ruwan leda ba. Na ce ba komai, da babu gara ba daɗi.

Sai ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023. Albashi na banki, takardar Naira ta yi ɓatan dabo, ɗan acaɓa kuma tsaba yake so a hannu. Sai na biya mai POS lada mai tsoka kafin in sami abin hawa mashin. Muna murnar wannan ta wuce, ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da gwamnati ta tsayar ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin acaɓana ya koma 400 zuwa, 400 dawowa, wato 17,600 a wata. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta wuce 1,000, ni kuma ina biyan 1,200 a rana, 26,400 ke nan a wata. An ƙara mini albashi ya kai 35,000, amma ke 'yar uwa yi lissafi da kanki ki ga abin da ya rage. Ga shi Naira ta faɗi, jaka ɗaya ta sefa ta haura Naira 2,000, ɗan abin da nake aika wa Inna in an canja shi sai ya zama abin tausayi.

Da farko haushin 'yan acaɓa nake ji, har sai da wani dattijo a cikinsu ya ce mini, "Malama, ke kina ganin kuɗi na shiga aljihuna. Mashin ɗin nan ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi balas. In sha mai, in yanki tikitin ƙungiya, ga faci ga baƙin mai. In na kai ki Kunduru da yamma sau da yawa haka nake komowa ba fasinja." Jikina ya yi sanyi. Ashe kowa da kiɗan da ya karɓe shi.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga lissafin kullum. Da damina in hadari ya haɗo farashi sai ya tashi. Da hunturu ƙura ta sa ki wankin hijabi kullum, ga mura. Mafi muni shi ne ranar da gefen hijabina ya shiga tayar baya. Kafin in ankara ya shaƙe ni, muka zube, salansa ta ƙona mini ƙafa. Allah Ya kiyaye ba gudu yake yi ba. Magani ya ci Naira 6,000, na yi sati a kwance.

A satin nan ne uwar mijina ta shigo duba ni, ta ce, "'Yar nan, wane irin aiki ne wannan, ki fita da kuɗi ki dawo da ciwo? Ki zauna ɗakinki mana." Na sunkuyar da kai na ce, "To Inna." Amma da dare kuka na yi sosai, don ina son aikina, ina son yaran da nake koya wa. Maigida ya ce, "Share hawayenki, ɗauko mini littafin nan naki." Muka zauna da fitila muka bi shi shafi-shafi. Ya ce, "Ba zan hana ki aiki ba, amma ba za ki riƙa yi wa hanya bauta ba."

Abu biyu muka yi. Na roƙi shugabar makarantarmu ta tattara mini darussana cikin kwana uku a sati, ta amince, Allah Ya saka mata da alheri. Sannan Maigida ya yi magana da wannan dattijon, muka yi jinga ta wata, Naira 13,000, ya zo ya ɗauke ni ya maido ni. Shi ya sami kuɗi tabbas, ni na huta da ciniki a bakin hanya, Inna kuma hankalinta ya kwanta tunda ta san wanda yake ɗauka ta.

Don haka ƙannena, in an yi muku tayin aiki ko makaranta nesa da gida, kafin ku yi guɗa ku tambayi kuɗin hanya, ku ninka shi da kwanakin wata, ku cire daga albashin. Abin da ya rage shi ne naku. In ke baƙuwa ce, tambayi matan unguwa farashi tun a gida, kuma a gama ciniki kafin ki hau. Ki tattare hijabinki da zanenki a kan cinya, ki nisanta ƙafa da salansa, in yana gudu ki ce ya rage, ba rashin kunya ba ne. Ki yi ƙoƙari ki dawo kafin magariba.

Har yau tabon yana ƙafata, littafin kuma yana cikin jakata. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, amin.

Taku har kullum,
Bamaraɗiya a Kunduru.