Ma'anar "Peter Out" Da Inda Ake Kuskure Da Ita

Daga cikin kalmomin Turanci masu tafiya bibbiyu, waɗanda kan ba ɗalibai wuya a jarrabawa, akwai "peter out". Ma'anarta ita ce abu ya yi ta raguwa sannu a hankali har ya ƙare, ba tare da wani ya tsai da shi ba. Mahaƙan ma'adinai na Amurka ne suka yaɗa ta a ƙarni na 19, suna faɗinta idan zinariya ta yi ta ƙaranci a rami har ta ɓace.

Tarihin Jega ya isa misali. A ƙarni na 19 kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan ya da zango a can. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko, daga nan a ɗora shi a jirgi. Babu sarkin da ya hana fatauci, babu ranar da aka yi shelar an daina. Madugai ne suka yi ta raguwa, bana kaɗan, baɗi kaɗan, har aka wayi gari babu ayari, ko da yake kasuwar tana nan tana ci. A nan Bature zai ce, "The caravan trade petered out."

Haka albasar Aliero take yi idan damina ta yi nisa, haka kuma 'yar turbar da ta fita Maiyama ta shiga gonaki, ta yi ta sirancewa har ta ɓace.

Inda ma'aikata kan yi tuntuɓe shi ne gwama ta da "phase out", wadda ke nufin janye abu da gangan, daki-daki, kamar yadda gwamnati ta janye fam da sule bayan fitowar naira a 1973. Ana cewa "They phased it out", amma ba a cewa "They petered it out", domin ita ba ta karɓar abin da aka yi wa aiki.

Saboda haka akawun da ya rubuta cewa aikin rijiya "petered out" ya nuna aikin ya shiririce ne da kansa. In kuwa wani ne ya hana kuɗin, to, rahoton ya rufa masa asiri, kuma ya kamata shugaban ofis ya tambayi sunansa kafin ya sa hannu.