Addini da Gina Duniyar Ƙagaggun Labaran Al'ajabi

Ƙagaggen labarin al'ajabi shi ne wanda marubuci ke ƙirƙiro masa duniya ta daban, mai dodanni da matsafa da masarautun da ba a taɓa yi ba, kuma babban aikin da ke gabansa shi ne sa mai karatu ya yarda da wannan duniya muddin littafin yana hannunsa. Taswira da jerin sunayen sarakuna ba sa wadatarwa, domin kowa ya san duk inda mutane suka zauna sai an sami abin da suke rantsuwa da shi, da yadda suke binne gawa, da abin da suke tsoron taɓawa.

Marubucin nan ɗan Amurka, George Martin, wanda ya fitar da A Game of Thrones a 1996, ya gane cewa addini ɗaya tilo, wanda kowa ya amince da shi ba gardama, ba ya kama da na mutane. Saboda haka sai ya ba mutanen kudancin nahiyarsa ta Westeros abin bauta mai fuskoki bakwai, da ɗakunan ibada da malamai, ya bar 'yan arewa suna durƙusawa gaban wata farar bishiya mai jan ganye wadda aka sassaƙa wa fuska a jiki. Da lokacin rantsar da Jon Snow, ɗaya daga cikin jaruman littafin, cikin rundunar masu gadin katangar iyakar arewa ya yi, sai ya fita bayan katangar zuwa kurmin waɗannan bishiyoyi, kuma wannan zaɓi kaɗai ya isa ya nuna asalinsa ba tare da dogon bayani ba.

Tolkien na Ingila, duk da tsananin riƙonsa da ɗarikar Katolika, wata hanya ya bi a The Lord of the Rings (1954 zuwa 1955), inda da wuya a ga wurin ibada ko limami. Abin da ya bari kaɗan ne, kamar yadda wani jagoran yaƙi mai suna Faramir da mayaƙansa ke miƙewa su fuskanci yamma shiru kafin su ci abinci, har baƙonsu Frodo, jarumin littafin, ya ji kunyar cewa mutanensa ba su da irin wannan ɗabi'a. Wannan ɗan shirun ya fi shafuka goma na bayanin aƙida tasiri.

Su kuwa marubutan ƙagaggun labaran Hausa na farko ba su buƙaci ƙago addini ba, tun da masu karatunsu sun riga sun yi imani da aljanu. A Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga wata gasar rubutu ta 1933, jarumin yana shiga ƙasar aljanu ne da Musuluncinsa, yana yaƙi yana kiran su zuwa gare shi.