Ko Kun Sani? Injiniyan da Ba Ya Ƙera Inji

Ko kun san akwai reshen injiniyanci da babban aikinsa shi ne tsara yadda mutane, injuna, kaya da lokaci za su yi aiki tare ba asara? Shi ne injiniyancin masana'antu da tsarin aiki. Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka ce ta fara buɗe masa sashe a 1909.

Misalinsa na nan kusa da mu. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana. Injuna lafiya lau, amma ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir: tsutsa ta cinye gonaki a shekarar farko, kuma in farashi ya tashi, manomi kasuwa yake kai kwandonsa, ba kuwa mai ganin laifinsa. Lissafin eka nawa za a noma, yaushe za a tsinka, mota nawa za ta yi jigila, aikin wannan injiniya ne.

Ɗalibi mai sha'awa sai ya riƙe lissafi, fizis da kemistiri. Jami'ar Ibadan na koyar da fannin, shekara biyar. Masu digirin kan sami aiki a masana'antun siminti da na abinci, kamfanonin sufuri, bankuna, har da asibitoci.