Shekarar haske nisa ce, ba lokaci ba: Yadda ake sauya ma'aunan sararin samaniya

Dillalin hatsi ba ya ƙirga tirelar masara da gwangwani. Da buhu yake lissafi, amma ya san mudu nawa ke cikin kowane buhu. Haka masana taurari suke yi wajen auna nisa. Kilomita ta yi musu kaɗan, don haka suka tanadi manyan ma'aunai uku, kuma ana iya mayar da kowanne zuwa ɗan'uwansa ta hanyar ninkawa ko rabawa.

Na farko shi ne matsakaiciyar tazarar da ke tsakanin duniya da rana, wadda ake taƙaita sunanta da AU. A shekarar 2012 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta tsayar da ita a kan kilomita 149,597,870.7, wato kusan miliyan 150. Da ita ake auna duniyoyin da ke kewaya rana. Idan aka ce Jupiter tana nisan AU 5.2 daga rana, sai a ninka 5.2 da miliyan 150, a samu kimanin kilomita miliyan 780.

Na biyu shi ne shekarar haske, wadda sunanta ke rikita masu karanta labarai har su ɗauka lokaci ake nufi. Ma'anarta ita ce tazarar da haske ke ci a cikin shekara guda. Haske na tafiyar kilomita 299,792 a daƙiƙa ɗaya, shekara kuma tana da daƙiƙa 31,557,600. Idan aka ninka su, za a samu kusan kilomita tiriliyan 9.46, daidai da AU 63,241. Hasken rana kuwa minti takwas da daƙiƙa 19 kacal yake yi kafin ya iso duniya.

Na uku shi ne parsek, wanda masana suka fi amfani da shi a rubuce-rubucensu. Parsek ɗaya daidai yake da shekarar haske 3.26.

Ƙa'idar guda ce: daga babban ma'auni zuwa ƙarami a ninka, daga ƙarami zuwa babba a raba. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, yana nisan shekarar haske 4.24. Idan aka ninka wannan adadi da tiriliyan 9.46, ya zama kilomita tiriliyan 40. Idan aka raba shi da 3.26, ya zama parsek 1.3.

Sakaci da ma'auni ya taɓa jawo babbar asara. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, bayan ya shafe fiye da wata tara yana tafiya. Bincike ya nuna cewa wata manhaja tana bayar da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa kumbon da ma'aunin fam, alhali masu tuƙa shi sun ɗauka da ma'aunin newton aka ba su. Na fam ya ninka na newton sau 4.45. Maimakon ya ratsa ta nisan kilomita 226 daga doron duniyar Mars, sai ya sauko zuwa kimanin 57, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Shi ya sa masana ba sa karɓar adadi sai an rubuta ma'auninsa a gefe, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya amsa farashi kafin ya ji na mudu ne ko na buhu.